Takardar Koke Kan Yadda Ake Sayen Kayan Ƙaramar Hukuma

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Mai Girma Hakimi.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mu dattawa, manoma da masu sana'a na ƙauyukan wannan gunduma ta Jihar Jigawa muna roƙon a sauya yadda ake sayen bencinan makaranta, takin zamani da kayan gyaran famfon tuƙa-tuƙa. Sai dai mu ga mota ta sauke kaya. Wa aka ba kwangilar, nawa aka biya, babu mai faɗa mana. Bencinan bara ba su ga ƙarshen damina ba, alhali kafintocinmu na zaune ba aiki.

Abin da muke nema shi ne gwanjon rage farashi ta intanet. Duk wanda ya taɓa kai sa kasuwar Maigatari ya san masu saye ke ƙara kuɗi har a sallama. Nan kuwa juyawa ake yi: hukuma ta fayyace abin da take so, adadinsa da ingancinsa, ta sa rana da sa'a, masu sayarwa su riƙa sauko da farashi. Kowa na ganin tayi mafi ƙanƙanta, amma bai san mai shi ba, balle a haɗa baki ko a bi wani gida da dare. Lokaci na cika, na'ura ta rufe, lissafi ya zauna a rubuce. Indiya na amfani da wannan hanya a dandalinta na sayen kayan gwamnati mai suna GeM, wanda ta buɗe a 2016.

Mun san araha ba ta ado. Don haka a tantance 'yan kwangila tun kafin a buɗe gwanjon, kuma kada a biya ko kwabo sai wakilan gari sun duba kayan. Ba ma cewa a yi titi ko gada ta haka, a tsaya kan kayan da ake ƙirgawa.

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa shigowa kai tsaye, ido ya dawo kanku. Muna roƙon a fara gwaji da bencinan bana, a ajiye kwamfuta da ma'aikaci a sakatariya saboda waɗanda sabis ba ya kai wa ƙauyukansu, sannan a liƙa sakamakon a ƙofar fadar Hakimi.

Allah ya ja zamaninka.

Mu ne naka,
Al'ummar gunduma.