Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Jinkirin Al'ada Bayan Fara Shan Ƙwaya

Assalamu alaikum, auta.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yarinya. Saƙonki ya iso. Kin ce tun da kika fara shan ƙwayar tazarar haihuwa al'adarki ta yi jinkiri, har kina shawarar ajiye ta. Wannan magana ba ta kunya ba ce tsakanina da ke.

Kada ki ajiye ta tukuna. Mata da yawa tsoro ne ke sa su daina sha, alhali babu komai, sai cikin da suke gudu ya shiga a makonnin da suka daina.

Ƙwayar tana hana ƙwai fitowa, tana kuma rage kaurin shimfiɗar mahaifa. Shi ya sa jinin yake raguwa, ko ya zo ɗigo-ɗigo, wani watan ma ya ƙi zuwa, musamman a watanni uku na farko. Ba taruwa yake yi a mara ba, kamar yadda ake ta faɗa a gidajen biki. Idan kuma irin ta masu shayarwa aka ba ki, rikicewar al'ada ta fi yawa a kanta.

Abin da nake so ki tuna shi ne ranar da kika fara. Idan cikin kwana 5 na farkon al'ada ne, kariya ta kama nan take. Idan bayan haka ne, mai sinadari biyu, irin su Microgynon, sai an sha ta kwana 7 a jere kafin a dogara da ita, ta masu shayarwa kuwa kwana 2. A tsakanin nan sai da kwaroron roba ko haƙuri. Sannan ki tambayi kanki: kin tsallake rana? Kin yi amai cikin awa 2 da sha, ko gudawa mai tsanani? Ta masu shayarwa ba ta son a makara fiye da awa 3. Maganin tarin fuka na rifampicin da wasu magungunan farfaɗiya su ma suna rage mata ƙarfi. Cikin mata 100 masu shanta kan ƙa'ida, adadin masu ɗaukar ciki a shekara ƙasa da ɗaya ne, amma da mantuwa irin ta yau da kullum sai ya kai kamar 7.

Ki aika kemis a sayo miki tsinken gwajin ciki, ki gwada da fitsarin farko na safe. Idan kwana 21 ba su cika ba tun kusantarku ta ƙarshe ba tare da kariya ba, ki sake idan sun cika. In ya nuna akwai, sai ki daina shan ƙwayar ki je awo, kuma ki kwantar da hankalinki, wadda kika riga kika sha ba ta nakasa jariri. Haihuwa kyautar Allah ce, za mu karɓa hannu biyu.

Amma idan kika ji ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya, ko jiri tare da zubar jini, ko ciwon ƙirji, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ki tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. Don Allah ban da jiƙe-jiƙen saukar da al'ada.

Ki sanar da maigidanki halin da ake ciki, ya raka ki wajen malamar asibitin da ta ba ki ƙwayar, ki riƙe katin a hannu ta gani. Ki kira ni da zarar kin yi gwajin. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki.