Tayar Babur Ba Ta Cinyewa Gefe Ɗaya A Banza

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni mai faci ne a Jekadafari, cikin garin Gombe, kuma yawancin masu zuwa rumfata 'yan acaba ne. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana kan tayar babur da ke cinyewa ba daidai ba, domin ana yi wa abin riƙon sakainar kashi, alhali rayuka ake ɗorawa a kanta.

Mutum zai zo ya ce mini, "Oga, tayar nan jabu ce, dubi yadda ta cinye gefe guda." Akwai jabu a kasuwa, ban musa ba. Amma sau da yawa ciwon a jikin babur ɗin yake. In ka sa sabuwa ba ka gyara shi ba, ita ma haka za ta ƙare.

Babban abin shi ne iska, kuma a nan mu masu faci muke da haƙƙi a wuyanmu. Da yawa ba sa amfani da geji, wato ma'aunin iska, sai dai a danna taya da babban yatsa, ko a ƙwanƙwasa ta da sifana a ce ta yi. Irin babur Boxer ɗin da aka fi hawa, kamfani ya ce geji ya nuna 25 a gaba, 28 a baya, 32 in da goyo, kuma a auna tun taya na da sanyi. Iska in ta yi yawa, tsakiya ke gogewa gefuna su tsaya da zanensu. In ta yi kaɗan, gefuna ke ci, tayar ta riƙa lanƙwasa tana ɗaukar zafi. Ka haɗa wannan da ranar watan Afrilu a hanyar Dukku, da buhun masara biyu da mai su a bisa, to tiyub na iya fashewa ba sallama.

Cin gefe guda kuwa, ka fara duba wanda ya ɗaure maka sarƙa. Akwai 'yan layuka a ƙarfen da ke riƙe ƙafar baya, dama da hagu, kuma dole su zo daidai. Yaron shago ya ja ɗaya ya bar ɗaya, ƙafar ta karkace, babur ya riƙa tafiya a kaikaice mai shi bai sani ba. Boris da ya mutu da rim ɗin da rami ya lanƙwasa su ma suna jawo hakan. Ɗora babur a kan jak ɗinsa na tsakiya, ka girgiza ƙafar da hannu biyu. In ta yi wasa, kada ka sayi taya tukuna. Sai dai ɗan rinjaye kaɗan a ɓangaren hagu ba abin tsoro ba ne. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, titi kuma tsakiyarsa ya fi tudu don ruwa ya gangara, shi ya sa hagun taya ya fi shan kwalta.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne cin tayar gaba. Shafa tafin hannunka a kanta: in ka ji tudu da kwari bi da bi, to shok ya gaji, ko iska ta daɗe da raguwa, ko mai shi na yawan cafke birkin gaba da ƙarfi. Irin wannan tayar ce ke sa kan babur rawa. Wurin da taya ke taɓa ƙasa bai kai faɗin tafin hannu ba, kuma in za ka sha kwana a shataletale, kan gefen nan da ya goge za ka kwanta. Ga yashin da ruwan damina ke sharowa kan titi, ga mace a baya da jariri a goye. Wallahi duk sanda na ga haka sai gabana ya faɗi.

Wasu sukan ce in juya musu tayar su ci ɗaya gefen. Ba na yi. Tayoyi da yawa suna da kibiya a jiki mai nuna inda za su fuskanta, don zanen ya riƙa kore ruwa. Masu sayen ta gwanjo kuma su nemi lambobi 4 na ƙarshe a gefenta: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba.

Na san kuɗin taya ya yi tsada, ɗan acaba kuma sai ya cika balas kafin ya kai cefane gida. Shi ya sa nake roƙon Hukumar Kiyaye Haɗurra, idan ta fita wayar da kai kan hular kwano, ta haɗa da taya, ta kuma zauna da mu masu faci da makanikai. Shugabannin 'yan acaba na Pantami, Bolari da Tudun Wada su ma su ajiye geji a kowace tasha, kowa ya auna da safe kafin ya ɗauki fasinjan farko.

Naku,
Wani mai faci,
Jekadafari, Gombe.