Baƙin hayaƙin da ke narkar da ƙanƙarar Aktik

Assalamu alaikum Malam Edita. Dan Allah a ba ni ɗan fili in taɓo wani abu da jaridunmu ba su cika kawowa ba, wato kunkunniyar da ke sauka kan ƙanƙarar Aktik, can ƙuryar arewacin duniya.

Hayaƙin nan daga injinan dizal yake fitowa da manyan jiragen ruwa masu shan baƙin mai da gas ɗin da ake ƙonawa a rijiyoyin man Rasha, ga kuma gobarar daji irin wadda ta ci Kanada a 2023, iska ta kwaso shi ta je ta zube kan ƙanƙara. Ita ƙanƙara fara ce fat, mayar da hasken rana take yi sama, amma da zarar ta yi baƙi sai ta dinga shan zafi tana narkewa, kamar dai mutum ya sa baƙar riga ya shiga kasuwar Kwari da azahar a watan Afrilu. Masana sun ce tun 1979 ɗumamar yankin ta kusa ninka ta sauran duniya sau huɗu. Ƙanƙarar tsibirin Girinlan da ke yankin kaɗai in ta narke duka teku zai ɗaga da wajen mita 7, to ina makomar Legas?

Abin da ke ci min rai wallahi shi ne jan ƙafa. Hukumar jiragen ruwa ta duniya IMO ta hana baƙin mai a tekun Antatika, can ƙuryar kudancin duniya, tun 2011, amma na Aktik sai 1 ga Yulin 2024, shi ma an yi wa wasu jirage sassauci har 2029. Alhali kunkunniya kwanaki ko 'yan makonni take yi a sama ta sauko, ba irin iskar kabon mai ɗaruruwan shekaru ba, in an rage ta bana ba a daɗe ba za a ga sauƙi.

Wani zai ce ina ruwan Bakano da ƙanƙara. Ai irin hayaƙin muke shaƙa. Mutanen Fatakwal tun 2016 suke kuka da shi, mu kuma nan ga babbakar ganda da tsohuwar taya, ga janareto a ƙofar kowane shago, ga bola da ake cinna wa wuta bayan magariba yara na ta tari a lungu. Dan Allah ku tura wakilinku ya ji ta bakin likitocin ƙirji, a kuma tambayi hukumomin muhalli me suke shirin yi kan ƙona taya a tsakiyar gari.

Naku mai karatu,
daga Fagge, Kano