A Samo Wa Ƙungiyar Hokin Huntsville Rukunin Gasa Tukuna

Ranka ya daɗe Edita,

Muhawarar magoya bayan wasan hoki na kan ƙanƙara a Jami'ar Alabama ta Huntsville, a Amurka, kan yadda za a farfaɗo da ƙungiyar hokin jami'ar, ta tsaya mini a rai. A 2020 jami'ar ta rushe ƙungiyar, masoya suka tara sama da dala 500,000 cikin 'yan kwanaki, aka dawo da ita. A 2021 aka sake dakatar da ita, don babu rukunin gasar da ya karɓe ta, wato gungun jami'o'in da ƙungiyoyinsu ke karawa da juna.

Masu cewa a sake yin karo-karo, wallahi na fahimci zafinsu. Amma ni ina tare da masu cewa a fara samo rukunin gasa, kada a sake tara matasan 'yan wasa a bar su rataye.

Naka,
Mai karatu