Kafin a yi muna tallar 100 bisa 100 a BEPC, a faɗa muna yara nawa anka fara da su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lahiya kai da ma'aikatanka, don Allah ina roƙon ɗan fili a jaridarku in amayar da abin da ke cina a rai duk shekara in sakamakon BEPC, wato jarabawar gama koleji, ya fito nan Maraɗi.

Da juri ya gama kiran sunaye, kwana biyu ba za a yi ba sai ka ga kyallaye an rataya bakin titi, gidajen rediyo suna ta talla, guruf-guruf na WhatsApp sun cika da hotuna, makaranta kaza ta samu 95 bisa 100, waccan ta ce ita 100 bisa 100 ta yi ba ko yaro ɗaya da ya faɗi. Mu kuma iyaye da ba mu da wani ma'auni sai wannan, sai mu kwashi ɗiyanmu mu nufi can da kuɗin da ko na hatsi bai isa ba. CEG, wato kolejin gwamnati, da ta samu 25 ko 30 kuwa shi ke nan ta shiga bakin duniya, a fada a ce mushen, wato malamai, ba su aiki, darakta barci yake, wasu har da zagi.

To ni tambayata guda ce, wannan kashin na su wa anka lissafa? Na waɗanda makaranta ta rubuta sunansu sunka zauna jarabawar ne kawai. Yaron da anka kora a sankiyam (aji biyu na koleji) ba shi ciki. Yarinyar da anka cire a katiriyam (aji uku) anka yi mata aure ba ta ciki. Sannan akwai wata dabara da kowa ya sani a garin nan amma ba a son faɗi, wasu makarantun kuɗi (ban ce duka ba, akwai masu tsoron Allah) in sun yi jarabawar gwaji sunka ga yaro ba zai kai ba, sai a kira uban a ofis a ce mishi Alhaji gara yaron nan ya maimaita, ko kuma a ce ya je ya yi rajista a matsayin kandida libir, wato mai shiga jarabawa da kanshi ba da sunan makaranta ba. In ya ci, a sa hotonshi cikin talla a ce namu ne, in ya faɗi ba ruwan makaranta tunda ba da sunanta ya shiga ba. Alhali shekara huɗu uban yana biya.

Bari in ba da misali da lissafi, ba wata makaranta nake nufi ba. A ce makaranta ta ɗauki yara 120 a siziyam (ajin farko), tana tafiya tana tankaɗe, kafin turwaziyam (ajin ƙarshe, na jarabawa) saura 45, cikinsu ta gabatar da 40, 38 sunka ci. Za ta buga 95 bisa 100 kuma ba ta yi ƙarya ba. Wata ta ɗauki 120 ɗin, ta yi haƙuri da su ta kai 100 ɗakin jarabawa, 45 sunka ci, ita 45 bisa 100 za a rubuta mata. Malam Edita wace ce ta fi fitar da yara masu birebe, wato takardar BEPC? Ta biyun, da yaro bakwai. Amma ta farko ake yi wa guɗa. Wanda ya tsince manyan tumatir ya jera a saman kwando ai ba za ka ce gonarshi ta fi ta kowa ba sai ka ga abin da ya zubar bayan gari.

Sai kuma maganar a wane hali yaran sunka iso kolejin, wadda ita ce ta fi damuna. Binciken PASEC na 2014, wanda ƙasashe masu amfani da Faransanci ke yi, ya nuna a Nijar cikin yaran da ke gama firamare ko ɗaya cikin goma bai kai matakin da ake so ba a karatu, haka ma a lissafi, mu ne can ƙasa. Na 2019 ya nuna an ɗan matsa gaba amma har yanzu mafi yawa ba su kai ba. A 2017 da gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi na firamare gwaji, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai sunka samu mwayen, wato rabin maki. Ga satifika ta ƙarshen firamare da anka ajiye shekara da shekaru kafin a dawo da ita, yara suna ta wucewa siziyam haka nan. To mushen da anka turo ma yaro ɗan shekara 13 wanda in ka ba shi littafi sai ya riƙa bin harafi da yatsa yana haɗawa ɗaya bayan ɗaya, kuma irinshi sun fi rabin kilas, kilas ɗin ma mutum 80 ko fiye wasu a kan tabarma, in wannan mushen ya kai yaron ga rubuta redaksiyo mai shafi guda wadda ake ganewa ai ya yi aikin da ya cancanci a jinjina mishi ko da yaron bai ci BEPC ba. Amma sakamako bai san wannan ba, admi ko ba admi ba kawai ya sani.

Kuma ba tsawon shekara ɗaya ake yi ba. A takarda Oktoba ake komawa, amma makarantar da azuzuwanta na zana ne sai an gama girbi an samu kara an kafa rumfuna, wani wurin sai Nuwamba ta yi nisa, kuma ruwan farko na sauka karatu ya tsaya. Mu mutanen Maraɗi ba sai an faɗa muna mene ne ajin zana ba, gobarar Nuwamban 2021 da ta cinye ƙananan yara sama da 20 a cikin garin nan har yau ba ta bar zukatanmu ba, Allah ya sa masu ceto ne. Ƙara da yajin aiki in albashin ƴan kwantaragi ya makara. Ƙara da yaron ƙauye a yankin Dakwaro ko Mayahi da ke zaune gidan mai riƙo, da safe ya ɗebo ruwa, ranar kasuwa ya yi dako ya samu na kalaci. Shi da ɗan da ake kai wa da mota kuma mai kur, malamin da ake biya ya ƙara mishi karatu, yana jiranshi gida da marece, takarda ɗaya za a ajiye musu a gaba ranar jarabawa, sannan a jera makarantunsu a layi ɗaya a ce ga ta ɗaya ga ta ƙarshe. Haba!

Kar wani ya ce ina son a soke jarabawar, a'a. A 2021 wajen kashi 20 cikin 100 ne kawai sunka ci BEPC a ƙasar baki ɗaya, kuma da ba don jarabawar ba da muna nan muna ruɗin kanmu da biltan, wato takardar makin da makaranta ke ba yaro, don na sha ganin biltan mai mwayen 14 wanda mai shi bai iya rubuta wasiƙar layi biyar. Ita ce wuri guda da ake rufe sunan yaro, malamin da bai san ubanshi ba ya gyara takardar. Wannan abu ne mai daraja. Matsalar in anka ce da ita kaɗai za a auna makaranta, kowa sai ya koma bautar lamba. Ƴan turwaziyam su wuni haddar tsofaffin tambayoyi, a tura ƙwararrun malamai can, ƴan siziyam da su ne tushe a bar su da wanda ya samu. Satar amsa da waya kuwa ba sai na tsaya kanta ba, kowa ya san inda matsin lamba ke kai mutane.

Abin da nake roƙo ga hukumar ilimi ta jiha ba mai tsada ba ne, don lambobin suna nan cikin rajistar kowace makaranta. In za a fitar da sakamako a sa mana yara nawa sunka shiga siziyam shekara huɗu baya, nawa sunka kai turwaziyam, nawa anka gabatar, nawa sunka ci, kuma a ware mata da maza don mu ga inda ɗiyanmu mata ke ɓacewa. Kandida libir ma a tambaye shi ina ya yi karatu bana a rubuta. Sannan in da hali a riƙa yi wa ƴan siziyam ɗan gwajin karatu da lissafi a watan farko, a ajiye takardun, ranar da BEPC ɗinsu ta fito a ɗauko a kwatanta, a nan ne za a san makarantar da ta ƙara wa yaro wani abu da wadda ta tsinci dami a kala.

Ƴan uwana iyaye kuma, in kun je rajista bana kar kyallen bakin ƙofa ya ishe ku. Ku tambayi darakta azuzuwan siziyam nawa gare shi, na turwaziyam nawa. In ya ce huɗu da ɗaya, ku ce ina sauran sunka tahi. Ku ƴan kwamitin iyaye ma haƙƙinku ne ku nemi ganin rajista, ba sai ranar tara kuɗin zana kawai za a tuna da ku ba.

Kai kuma Malam Edita, in sakamakon bana ya fito don Allah ka turo wakilinka Maraɗi ya zaga kolej ko biyar ne, na gwamnati da na kuɗi da faranko-arab, har da ɗaya a Madarunfa ko Tasawa, ya tambayo waɗannan lambobin ku buga muna su gefe da gefe. Na gode da wannan fili.

Wassalam,
Wani uba, ɗan kwamitin iyayen yara, daga Maraɗi