Wasiƙar lakwal zuwa ga uwaye: yawon sanin itatuwan unguwa

Assalamu alaikum uwayen yara, iyaye mata da maza da kakanni da duk mai riƙon ɗan lakwal a wajenmu. Ya sanyi, ya iyali? Allah ya sa kowa lafiya.

Maganar wannan wata ta itatuwa ce. A manyan birane na wasu ƙasashe akwai wani abu da suke yi a wuraren shaƙatawa, sai a fitar da hanya ta ƙafa daga wannan icce zuwa wancan, kowane icce da ɗan allo mai sunanshi da amfaninshi, mutanen unguwa su riƙa bi suna karantawa. To mu nan Maradi ba sai mun jira an gina mana irin wannan wuri ba, itatuwan suna nan bakin titi da ƙofar gidaje da lambunan gulbi, shi ya sa mushe-mushe, wato malaman lakwal, da kwamitin uwaye suka zauna aka ce mu fitar da tamu hanyar, daga ƙofar lakwal a ratsa unguwa a gangara har bakin lambuna. 'Yan CM1 da CM2, wato aji biyar da aji shida, ne za su fara.

Abin da ya ja maganar, an tambayi yara a aji su lissafo itatuwan da suke wucewa kullum in za su zo lakwal, wallahi yawanci daga bedi sai mangwaro sai kuka suka tsaya. Yaro yana tsotsar aduwa da magarya da aka sayo mishi a tire amma bai san uwar iccen ba ko da zai jingina da ita. Ba laifinsu ba ne, ba a nuna musu ba.

Kuma abin kunya ne a ce ɗan Maradi ne bai san icce ba, don duk duniya in ana maganar maido da daji sai an ambaci jiharmu. A 1984 nan garin aka yi babban taron ƙasa kan gurgusowar hamada lokacin Seyni Kunce. Sassabin zamani ma nan ya samo tushe, wajen 1983 wani ɗan Ostireliya Tony Rinaudo da ke aiki da manoman yankin nan ya lura cewa 'yan tsiron da ake sarewa a gona lokacin sassabe ba ciyawa ba ne, kututture ne masu rai da saiwarsu a ƙasa, in ka bar reshe biyu uku masu ƙarfi ka datse sauran sai icce ya tashi ba tare da an dasa komai ba. Manoma suka kama abin da hannunsu, yau ana ƙiyasta fili ya kai hekta miliyan 5 da ya koma kore a Nijar ta wannan hanya. Kakannin yaran nan da yawa su ne suka yi aikin, jikokin kuma ba su da labari.

Mun zaɓi lokacin sanyi da gangan, ba don zafi kawai ba. Yanzu ne gawo yake da ganye. Muna so yaro ya tsaya ƙarƙashinshi ya gani da idonshi, sannan in damina ta faɗi ya dawo ya iske shi tsirara ba ganye alhali komai ya yi kore, sai ya gane dalilin da ya sa hatsi ke kyau a gindin gawo, ba ya tare ma shuka rana kuma ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yanshi kuma awaki har rige-rige suke. Daga nan sai bagaruwa, wadda majema ke jima da 'ya'yanta, a nan mushe zai kawo maganar fatar jar akuyar Maradi da ta yi suna har Turai. Akwai tsamiya, akwai goriba da kabarta da ake saƙa tabarma da igiya, akwai kalgo da sabara in an matsa bayan gari. Bedi kuwa da ya cika mana tituna baƙo ne, asalinshi Indiya, yara da yawa za su sha mamaki.

To ga inda muke buƙatarku. Littafin aji zai ba yaro sunan icce da faransanci ya tsaya nan, amma wace saiwa ake jiƙawa, wane ganye ake miya da shi, wane icce ne ba a sara, wannan wajen inna da kaka yake. Don Allah duk tsohuwa ko dattijon da ke iya tafiyar ya zo ya tsaya gindin icce guda ya ba yara labari, ko minti biyar ne. Ba sai wanda ya yi boko ba, mu ma malamai koyo za mu yi. Abu ɗaya dai, maganar magani a faɗa a matsayin sani, kar yaro ya koma gida ya jiƙa ɓawo ya sha da kanshi, wannan mun ja musu kunne ku ma ku ƙara.

Allunan yara ne za su rubuta, Hausa da faransanci. Ba za a buga ƙusa a jikin icce ba, turke za a kafa a gefe. Wanda ke da guntun katako ko ragowar fenti a gida ya aiko, kafintocin cikinku kuma mun san ku, ba za ku tsira ba. In iccen a ƙofar gidan wani yake sai mun nemi izinin mai gida tukuna, masu lambu ma haka, kuma an gaya ma yara ba a taɓa ɗan icce ko guda a lambun mutane.

Za a tashi ranar asabar da ƙarfe 8 na safe daga ƙofar lakwal, a dawo kafin azahar in sha Allahu. Kowane yaro ya zo da kaye da bik da ruwan sha a gora, da takalmi rufaffe in akwai don ƙayar aduwa ba ta da wasa, silifas tana huda shi. Ba a biyan ko dala. Yaron da ba a amince ya je ba a faɗa ma mushenshi kafin jumma'a, wanda kuma zai raka mu ya ba da sunanshi a ofishin direkta.

Mun gode, sai mun gan ku.

Hukumar lakwal da kwamitin uwaye