Na yi tseren hawan tsauni a sanyin Ingila, ga Aburi nan muna kallo

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya, kai da abokan aiki. Ni ɗan Nima ne a nan Accra, na daɗe ina bin shafinku na wasanni amma kullum ƙwallo ƙwallo, shi ya sa na ce bari yau in sako wani zance daban.

Watan Janairun da ya wuce na je wajen ƙanena a arewacin Ingila, shi ne ya ja ni wai in shiga tseren tsauni da 'yan kulob ɗinsu ke zuwa. Ni kuwa da nake hawa tsaunin Aburi daga Ayi Mensah zuwa Peduase duk Asabar na ce ai ƙaramin alhaki ne. Ashe ban san dawan garin ba.

Tun kafin a ba ka lamba sai wata dattijuwa ta zazzage jakarka a kan tebur, tana duba rigar ruwa da wandonta, hula, safar hannu, taswira, kamfas, usur da ɗan abin taɓawa, in abu ɗaya babu to gudu ma babu, ko kai waye. Usur ɗin nan har dariya ya ba ni, na ce wa ƙanena alƙalancin wasa aka kira mu? Sai da muka kai can sama hazo ya rufe, wanda ke gabana taku goma na daina ganinsa, iska na yanka kunne kamar reza, sannan na laluba aljihu in tabbatar yana nan.

Kuma fa ba titi ba ne, ciyawa ce da duwatsu da wani baƙin taɓo da ƙanƙara ta rufe samansa, ka taka ka nutse har ƙauri. Su takalminsu mai haƙora ne a ƙasa, ni kuma kambas ɗina na Kantamanto, sau uku ina zama daɓas ban shirya ba. Hawan ma da sauƙi, gangarowar ce bala'i, tsofaffi masu furfura suna wuce ni fuuu kamar awaki. Na iso kusan na ƙarshe, yatsuna sun ƙage ko igiyar takalmi na kasa kwancewa sai ƙanena ne ya durƙusa ya kwance min.

Namu ɗin ma wasan yara ne. A watan Janairun ne kuma ake yin wanda suke kira Spine Race, mil 268 daga Edale har Kirk Yetholm a Sikotland, dare da rana. A 2019 wata likitar dabbobi Jasmin Paris ta cinye shi, ta bar maza kaf a baya, awa 83 da 'yan mintoci, kuma a wuraren hutawa tana tatsar nono saboda tana shayar da jaririyarta. Da na ba matata labari cewa ta yi to kai me ka ciyo?

Abin da ya tsaya min a rai shi ne babu wani kuɗi a harkar tseren da na shiga. 'Yan sa-kai ne ke tsaye cikin sanyi suna rubuta lambar duk wanda ya wuce, in ka gaji ka fasa dole ka je ka faɗa don kar a shiga nemanka a banza, a ƙarshe kuma shayi ne da miya mai zafi a zauren ƙauye. Shikenan.

To mu me ya hana mu? Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu na ba mu safiya mai sanyi kyauta, matsalar kawai ƙura da fashewar leɓe, man kaɗanya ya isa. Ga Aburi a bakin ƙofa, ga Kwahu, ga Afadjato a Volta, ga samarinmu da ƙarfi kamar doki suna kwana a majalisar ataya. Ina roƙon sarakunan zango da kulob-kulob na motsa jiki na Nima, Mamobi da Madina su haɗa kai a shirya ko sau ɗaya ne a shekara, amma don Allah a nemi hanyar ƙafa ta cikin gonaki, titin Aburi da trotro ke gangarowa a guje bai dace da tsere ba. A tashi bayan sallar Asuba, a ware wa mata nasu rukuni. Koko da ƙosai na waɗanda suka iso kuwa ni na ɗauka.

Naku,
Mai karatu daga Nima, Accra